Wasiƙa Ɗaya Kan Garejin Tireloli

Ranar Talata aka kafa allon a bakin layin, daidai inda ake tsayawa jiran mota. Kafin azahar kowa ya je ya gan shi, har waɗanda ba su iya karatu ba, don su ma suna da haƙƙin tsayawa a gabansa su girgiza kai.

Maganar allon gajeriya ce. Wani kamfanin sufuri ya nemi izinin mayar da filin da ke fuskantar gidajen garejin tireloli ɗari biyu, da wurin shan mai, da wurin wanki da gyara. Duk mai ƙorafi ya rubuta wa ofishin tsara filaye cikin kwana ashirin da ɗaya. Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, an ce a duba sashe na tara na ƙa'idojin ofishin.

Layin gidaje goma sha huɗu ne a jere, gonaki a bayansu, hanyar ƙasa guda ɗaya a gabansu. Ta gabas ta haɗu da babban titi. Ta yamma ta ƙare a bakin wani kwazazzabo wanda ko akuya sai ta yi shawara kafin ta sauka. Wanda ya shigo, ta inda ya shigo zai fita. Ƙofar garejin kuma, bisa zanen da ke jikin allon, a kan wannan hanyar za ta buɗe.

Gidan Hedimasta shi ne na tara, tagar ɗakin kwanansa tana kallon tsakiyar filin. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyarwa, goma sha biyu daga ciki yana shugabantar makaranta, har sunansa na yanka ya ɓace wa mutane. Ba son ƙauye ne ya kawo shi nan ba. Matarsa ce ke da asma, irin wadda ke shaƙe ta ba sallama, likita kuma ya ce ko su bar hayaƙin birni ko ya riƙa ganinsu duk mako. Hedimasta ya tattara abin da aka sallame shi da shi ya zuba a bulo da kwano, ya sa aka yi wa ɗakin babbar taga mai gilasai jere-jere, irin waɗanda ake karkatawa iska ta shigo. Shekara bakwai ke nan tagar a buɗe take, maganin shaƙarta kuma yana cikin aljihun tebur har ana mantawa da shi.

Da yake shi kaɗai ne mai mota a layin, kuma shi ne mai biro a aljihu ko wurin jana'iza, sai aka yi shawara kowa ya rubuta nasa ƙorafin ya kawo masa, ya kai ofis ranar Litinin. Kafin Asabar wasiƙu goma sha biyu suka taru a kan teburinsa.

Ba a ce ya karanta ba. Amma a ajiye wa tsohon malami takardu goma sha biyu a kan tebur a ce kada ya duba, kamar a bai wa kura ajiyar nama ne.

Ta Mai Kaji ya fara buɗewa, wata bazawara da ke kiwon kaji ɗari uku a gida na huɗu. Ta ce: “Kajina ba sa ƙwai ranar da aka yi tsawa. Tirela ɗari biyu tsawa ce ta kullum. Ku dubi Allah.” Tela ya yi tasa a bayan takardar awo, har ana hango kafaɗa da ƙugun wani bawan Allah ta ɗaya gefen. Ta Baba Direba, tsohon da ya ajiye tuƙi saboda ciwon baya, layi huɗu ce da manyan baƙaƙe masu karkata kamar motar da aka yi wa lodi gefe ɗaya: “Na tuƙa tirela shekara talatin. Ba ma kashe inji a gareji. Na san mu. Kada ku kawo mu nan.”

Babu adireshi a sama, babu take, babu “Ranka ya daɗe”. Hedimasta bai san lokacin da jan biro ya shigo hannunsa ba.

Matarsa ta shigo da kofin shayi, ta tsaya a kansa.

“Malam, me kake yi wa takardun mutane?”

“Taimakonsu nake yi. Ki dubi wannan. Idan wannan ya shiga ofis, a ce daga layin da nake zaune ya fito?”

“Ka kai musu yadda suke mana. Ba jarrabawa ba ce.”

“Komai jarrabawa ne, Maman yara. Masu makin ne kawai ke canzawa.”

Ta ajiye kofin a kan wasiƙar Tela, ta fita.

Washegari da la'asar ya tara mutanen layin a barandarsa. Ya jera kujeru layi-layi suna fuskantarsa, ba da gangan ba, hannunsa ne bai san wata jerawa ba. Ya yaba wa kowa da ƙoƙari. Sannan ya ce hukuma ba ta jin hayaniya, tana jin murya ɗaya, mai tsari, mai hujja. Ya ce tsinken tsintsiya ɗaya ba ya shara. Shi zai haɗa ƙorafin kowa cikin wasiƙa guda, kowa ya sa hannu a ƙasa, maza da mata, har manyan 'ya'ya.

“Kajina za su shiga?” in ji Mai Kaji.

“Za su samu sakin layi nasu na kansu.”

“To alhamdu lillahi. Ko mijina marigayi bai taɓa ba su wannan matsayin ba.”

Aka yi dariya. Tela ya ce shi dama kunya ta hana shi barci tun da ya tuna ƙugun wa ke bayan takardarsa. Baba Direba ne kawai bai yi dariya ba. Yana zaune a ƙarshen benci, ya miƙe ƙafa ɗaya saboda bayan.

“Hedimasta, ni dai ban yi boko ba,” ya ce. “Amma duk ƙofar kamfanin da na taɓa shiga, mai gadi ba ya ƙirga buhu. Takardar kaya yake ƙirgawa. Takarda ɗaya, mota ɗaya, ko giwa ka ɗauko.”

“Ofis ba ƙofar sito ba ne, Baba Direba. Can masu ilimi ne.”

“Ai shi ya sa gabana ke faɗuwa.”

Aka sake dariya, shi ma Hedimasta ya yi irin murmushin da yake yi wa ɗalibin da ya ba da amsa mai ban dariya amma ba daidai ba. Aka ɗaga hannu. Wasiƙa ɗaya ta yi rinjaye. Wasiƙun goma sha biyu ya ɗaure su da roba ya tura aljihun tebur, kusa da maganin shaƙa.

Kwana goma sha huɗu ya yi yana rubutu. Ya auna faɗin hanyar da igiya, shi da Tela, suka samu ba ta isa tirela da keke su wuce juna ba. Ya je asibiti ya karɓo takardar likita kan ƙirjin matarsa. Kajin Mai Kaji suka zama “tattalin arzikin ƙananan masu kiwo”. Layi huɗun Baba Direba suka zama “shaidar wani ƙwararre a harkar sufuri”. Sau biyar ya sake gabatarwar. Ya kai aka buga a gari a kan takarda mai kauri, shafi shida, aka yi mata bango na roba. Mutum arba'in da uku suka sa hannu, tara daga ciki da dangwalen yatsa. Gaskiya wasiƙa ce. Da za a ba wasiƙu sarauta, da ita za a naɗa.

Ana saura kwana ɗaya wa'adi ya cika ya kai ta. Akawun da ke bakin ƙofa bai ko ɗaga bangon ba. Ya buga hatimi, ya jawo wani dogon littafi, ya rubuta lamba ɗaya a gefen shafi. Hedimasta ya leƙa ya gani, ya ji daɗi. Duk rayuwarsa yana son ganin wannan lambar kusa da aikinsa.

Mako biyar babu labari. Ran nan da hantsi sai ga katafila ta shigo layin a bayan wata doguwar mota, aka sauke ta, ta fara da bishiyoyin bakin filin. Hedimasta ya sa rigarsa ta zuwa taro ya tafi ofis.

Aka nuna masa ɗaki na uku a bene. Jami'ar da ke ciki tana ganinsa ta miƙe tsaye, ta rusuna.

“Malam! Ba ka gane ni ba? Aji shida, layin taga. Ni ce kake kora waje saboda surutu.”

Ya gane ta. Zuciyarsa ta ɗan kwanta, don a ganinsa an zo gida. Ta sa aka kawo masa ruwa, ta tambayi Mama da jiki, sannan ta jawo fayil ɗin. Wasiƙarsa na ciki, bangonta na sheƙi.

“Wallahi Malam na karanta ta har sau biyu. Na nuna wa abokan aikina, na ce ku ga wanda ya koya mini rubutu.”

“To me katafila take yi a ƙofar gidana?”

Ta ture fayil ɗin gefe. Ta buɗe wani ƙaramin littafi, ta juyo masa shi, ta ɗora yatsa a kan sashe na tara. Ya ciro tabarau. Layi uku ne. Idan ofis ya karɓi wasiƙun ƙorafi guda goma ko fiye, daga gidaje daban-daban, za a dakatar da fayil a kira zaman sauraron jama'a. Idan ba su kai goma ba, jami'i zai yanke hukunci a kan teburinsa.

“Mutum arba'in da uku ne suka sa hannu,” ya ce.

“Wasiƙa ake ƙirgawa, Malam. Ba hannu ba.”

“Har da masu dangwale.”

“Na gani. Amma a littafi ɗaya ce.” Ta rage murya. “Da an kai zama, da wuya su tsallake. Hanya mai mafita ɗaya, ga takardar likita. Irin wannan ko bara an mayar da guda biyu.”

Hedimasta ya cire tabaran, ya goge, ya mayar. Layukan ba su canza ba.

“Idan akwai wasu wasiƙun fa? A ce goma sha biyu. An rubuta su tun makon farko, kowace da kwanan watanta. Gobe da safe sai in kawo.”

“Ranar da aka buga hatimi ake dubawa, Malam. An rufe.”

“Ɗaukaka ƙara fa?”

“Akwai. Amma sai wanda ya yi magana a zaman sauraro ne ke da ikon ɗaukakawa.”

“Ai ba a yi zaman ba.”

“Shi ne, Malam.”

Ta rako shi har bakin bene. Tana son ta faɗi wani abu mai daɗi, sai ta ce har yau ba ta manta abin da yake rubuta musu a saman allo ranar jarrabawa ba, cewa a karanta umarni kafin a taɓa biro. Ta ce ita ma haka take gaya wa 'ya'yanta. Ya ce Allah ya yi musu albarka.

Da ya dawo, mutanen layin suna tsaye a bakin filin suna kallon katafila. Suka kewaye motar tun bai kashe ta ba. Ya fito, ya gyara wuyan riga, ya buɗe baki. Tela ya riga shi.

“An saye su, ko? Na faɗa! Wasiƙa irin wannan, ko dutse aka karanta wa sai ya yi kuka.”

“Manya ne a bayan abin,” in ji Mai Kaji. “Kai dai ka yi iyakar yinka, Hedimasta. Ko ni da ban gane rabinta ba na san ta yi kyau. Allah ya isa tsakaninmu da su.”

Aka amsa da amin. Hedimasta ya duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Gida goma sha huɗu, hanya ɗaya, kuma ta ƙofar takwas daga cikinsu zai riƙa wucewa kullum har ƙarshen ransa. Ya ce, “Sai haƙuri.” Bai yi ƙarya ba. Ya dai bar ƙaryar ta zauna inda ta samu kujera.

Baba Direba bai matso ba. Yana jingine da katangarsa. Da Hedimasta ya zo wucewa, tsohon ya ce a hankali, yadda su biyu kawai za su ji, “Lamba nawa suka ba giwar tamu?”

Hedimasta ya yi kamar ƙarar katafila ta hana shi ji.

A gida kuwa babu katafilar da zai fake da ita. Matarsa ta bar shi ya ci abinci, ya wanke hannu, sannan ta zauna a bakin gado ta ce, “To, gaya mini wanda ba na bakin fili ba.” Ya gaya mata, har da lambar sashen. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Shekara talatin da huɗu da aure sun koya mata cewa wannan maganar ta fi ciwo idan aka bar mutum ya faɗa wa kansa.

“Goma,” ta ce kawai. “Mu kuma muna da sha biyu.”

Wata huɗu aka gama ginin. Katanga, fitilu, babbar ƙofa mai fenti shuɗi. Garejin ɗari biyu aka ce, amma ba a gaya wa tirela ta ɗari biyu da ɗaya ba, don haka ita da 'yan'uwanta suka riƙa jira a kan layin, hanci da wutsiya, daga bakin titi har gida na goma. Kamar yadda ƙwararre a harkar sufuri ya shaida, ba a kashe inji. Kajin Mai Kaji suka rage ƙwai, ta sayar da rabi, ta fara dafa wa direbobi sauran. Tela ya koma ɗinkin tamfol. Kowa ya sami yadda zai yi da garejin, sai mai ciwon ƙirji.

Hedimasta ya rubuta “Na sayarwa” a jikin katangarsa, da kyakkyawan rubutu. Mutum biyu suka nuna sha'awa. Na farko ya iso bakin layin, ya tarar da tirela ta gitta tana neman juyawa, ya jira rabin awa, ya buga waya ya ce ya ga abin da ya zo gani. Na biyu ya shigo da ƙafa, ya zagaya ɗakunan, ya tambaya ko za a iya tsaga falon gida huɗu a yi wa direbobi masauki, ya ce zai dawo. Fentin rubutun ya fara dushewa bai dawo ba.

Maganin shaƙa ya bar aljihun tebur ya koma ƙarƙashin matashin kai. Aka rufe babbar tagar, karo na farko cikin shekara bakwai. Sai dai irin wannan tagar don iska aka yi ta, ba ta san rufuwa ba. Tsakanin kowane gilashi da ɗan'uwansa akwai 'yar kafa, ta nan warin dizal ke shigowa ya kwanta a kan labule da zanin gado.

Wata safiya ya dawo daga roƙon wani direba ya matsa da motarsa daga ƙofar gidan, direban ya ce sai yaron motar ya dawo da makulli. Ya shiga ɗaki ya tarar da matarsa a kan kujera gaban taga, aljihun teburinsa a buɗe, robar da ya ɗaure wasiƙun da ita tana wuyan hannunta. Tana ninke takarda siriri-siriri tana cusawa tsakanin gilasai da bakin cokali. Tana yi tana tsayawa ta ja numfashi, ƙirjinta na 'yar ƙara kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba.

“Maman yara, takardun mutane ne fa.”

“Na sani. Ai ka gama yi musu maki.”

Ya tsaya yana kallo. Ta Tela ta shiga kafa ta uku, ƙugun bawan Allah yana fuskantar gareji. Ta Mai Kaji ta shiga ta biyar. Jan bironsa ya fito a gefen kowace kamar an yi wa tagar ado.

“Kawo in taya ki,” ya ce. Ya jawo kwafin tasa wasiƙar daga kan kabad, ya cire bangon robar, ya yage shafin farko, ya ninke. Takardar mai kauri ce, ta ƙi lanƙwasuwa yadda ake so. Ya tura ta da yatsa, ya tura da cokali, gilashin ya yi ƙara kamar zai tsage.

“Bar ta, Malam, kada ka fasa mana taga. Taka ta fi ƙarfin wurin.”

Ta karɓi cokalin. Kafa goma sha biyu ce a tagar, ta toshe su duka, ba ragi ba ƙari. Ta ƙarshe ta Baba Direba ce, a daidai tsayin idon mai zaune a bakin gado, ninkin ya bar layi ɗaya a waje. Warin ya ɗan ragu. Ɗakin ya yi duhu, ya yi zafi, gilasan suna rawa a hankali da kugin injin da ke ƙofar gida.

Ta koma kan gado ta jingina da bango, maganin a hannunta. Shi kuma ya zauna a gefenta da shafi shida a cinya, yana kallon taga. Ko ba tabarau yana iya karanta manyan baƙaƙen nan masu karkata: Na san mu.